Ina Dutsen? Kwanan Fadama a Ƙasar Haɗeja

Tun ban gama sallama ba na ga ka taɓe baki. An ce maka za a yi hirar masaukin matafiya na can ƙuryar daji, irin wanda masu hawan tsauni ke isa da magariba ƙafa a kumbure, sai kuma ka ji an ambaci Haɗeja. Ka ce, "Haba Malam, Haɗeja? Ina dutsen?" Babu. Ka ji na faɗa da bakina, sai ka mayar da wuƙarka kube. Daga Auyo har Guri, in ka cire ƙarfen sabis da hasumiyar masallacin Juma'a, masu tsawon ƙasar kuka ce da goruba, mai bi musu suri. Duk wanda ya ce maka ya zamo daga kan tsauni a Kirikasamma, bincika da kyau, daga kan amalanke ya faɗo.

Amma kafin ka tafa ka ce ka ci gardama, gyara zama in tambaye ka. Kai da kake neman dutse ido rufe, wanne ka taɓa hawa? Ka ce Dala? Yaushe? Kullum kana wucewa ta gindinsa a cikin A-daidaita-sahu, ka ɗaga kai ka ce "ikon Allah", ka mayar da ido kan waya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle a ce hawa.

To bari in gaya maka abin da masu hawan ke saya da kuɗinsu. Ɗauki Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka, mita 5,895. A hanyar da ake kira Marangu akwai zango uku da aka gina wa matafiya: Mandara, Horombo da Kibo. Gadaje ne masu hawa biyu kamar na makarantar kwana, ka kwana kusa da mutumin da ba ka taɓa gani ba, yana ta minshari da yaren da ba ka ji. Duk abin da za ka ci, a kan 'yan dako ya hau. Ba a barin ka shiga sai da ɗan jagora mai lasisi. Kibo na wajen mita 4,700, inda iska ta yi ƙaranci har kai ya dinga sarawa, abinci ya fita daga rai, barci ya gagara, kuma da tsakar dare ake tashin mutum a ce a kama hanyar ƙololuwa. A Nefal kuwa, kan hanyar da ta nufi gindin Everest, masaukan na mutanen ƙauyukan ne, kuma duk hawan da ka ƙara, farashi ma ya hau. Ruwan zafin wanka da kuɗinsa. Cajin waya da kuɗinsa.

Ka ce, "Ai wannan hauka ne. Mutum da gidansa, da katifarsa, da fankarsa, ya kwashi dala ya je ya sayo ciwon kai? Sai dai Bature." Subhanallahi! Jikan fatake ne yake wannan magana? Kakanninka sun kora jakuna daga Kano har Gwanja neman goro, wata da watanni a hanya, madugu na gaba, ana yada zango inda dare ya yi. Wasu sun tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka fita da jariri a goye suka dawo da shi ya isa aure. A nan ƙasar gabas ɗin ma da muke magana, wadda aka san ta da alarammomi, gardawa kan fita bayan gari su kafa bukkokin kara, su yi kiskadi, don hayaniyar gari kada ta raba su da allo. Ka ce su ai riba suka bi, waɗannan kuma lada? Na ji, ban musa ba. Kai fa da ka yi tafiyar awa goma zuwa ɗaurin auren da ango bai ma san ka zo ba, wacce ka bi a ciki?

In ka tankaɗe zancen, ka zubar da dusar hoto da tutar da ake dasawa a ƙololuwa, ga abin da zai rage a faifai: wurin da mota ba ta zuwa, gajiya ta halal, duhu na gaske, wayar da ta yi shiru dole, da wani bawan Allah da zai miƙo maka abinci mai zafi a ƙarshen yini. Tsawo gyara ne aka ƙara wa mai saye. Duk sauran suna nan a fadamar Haɗeja, a kwance ne kawai.

Ga yadda ƙasar take. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil, ya wuce Ringim. Da ya gangaro gabas sai ya faɗa shimfiɗaɗɗen yashi, tsakanin tsofaffin jigayin da iska ta tara tun lokacin da wurin yake hamada. A nan yake rasa alƙibla, ya rarrabu: reshe guda ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya lallaɓa ta tsohon kwarinsa. Kogin Jama'are ya zo ya same shi, su haɗe kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi. Shi Jama'aren daga tsaunukan Jos ya taso. Ka gani, dutsen da kake ta cigiya bai zo da kansa ba, amma duk damina yana aiko da saƙo, wani lokacin har saƙon ya ci gari.

Ka ce tafiya a shimfiɗe ai ba tafiya ba ce, ko tsohuwa ta yi? Bismillah. Kama hanyar Haɗeja daga Kano, kusan kilomita 200, ka wuce yankin Kirikasamma wajen Baturiya, ka sauka inda ɗan acaɓa ya ce iyakarsa ke nan. Taɓon fadama baƙi ne mai danƙo. A takun farko zai karɓi takalminka na dama, ko godiya babu. Kana tsaye da ƙafa ɗaya kana lalube, ta hagu ta nutse har ƙwauri. Inda ya bushe kuma ya tsattsage, kofaton shanu ya bar ramuka masu kaifin baki da ke jiran idon sawunka. Ka hau jigawa ka ce ka huta, yashi ya riƙe ka, ƙarangiya ta yi wa wandonka ado. Yaron da aka haɗa ka da shi yana can gaba, ba takalmi, yana gwaguyar goruba, jifa-jifa ya waiwayo ya ce, "Sannu Alhaji, an kusa." Kada ka yarda da "an kusa" ɗin nan. Da ita aka yaudari manya.

Sai fito. Za a zaunar da kai a tsakiyar kwalekwale, a ce kada ka motsa, a miƙo maka gwangwani. Ka ce na mene ne? Dubi ƙafarka. Kwasar ruwa aikinka ne, mai fito yana da nasa. Can gefe za ka hangi masunci ya kifa ciki a kan ƙatuwar gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana bin komarsa hankali kwance, kai kuwa ka ƙanƙame katako kana karanto duk addu'ar da ka sani har da ta shiga kasuwa.

Daga nan ku shiga kacalla. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta yi bango hagu da dama, hanyar jirgi ta rage siririya, ba ka ganin komai sai sama. Wannan kam ba abin dariya ba ne ga mutanen wurin. Da can kogin yakan cika da damina ya janye da rani, bushewar nan kuwa ita ke hana kacalla sakewa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ya kwanta ba zurfi, abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Wani gari ruwa ya zauna masa a gona ya ƙi tashi, wani can gaba yana jiran ruwan bai iso ba. Mutane kan yi gayya su shiga da adda da lauje, ruwa har ƙirji, su sare, ta sake tsirowa. Saboda haka in kana wucewa, rage kiran "kai, wurin nan da kyau". Mai tuƙa ka gonar ubansa ce a ƙarƙashin kyan nan.

Ka ce, "To na ji, ina masaukin? Ina mai karɓar baƙi, ina makulli?" Ga shi can: zauren Bulama, don a wannan yanki haka ake kiran mai gari, gadon maƙwabtaka da Barno. Ka cire abin da ya rage na takalminka, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne." Kafin a tambaye ka komai an kawo ruwa a kwano, an ajiye buta. Bayan ka sha ne za a bi ka da tambaya a hankali: daga ina, ɗan wane ne, wa ya aiko ka, me ke tafe da kai. Nan fa ake yin ta. Ka ce, "Na zo kallon tsuntsaye." Zauren zai yi tsit. Wani dattijo zai gyara hula ya ce, "To, madalla," irin madallar da ake yi wa wanda ake tausayi. Shi ya sa ba a zuwa haka kawai. A zamanin nan baƙo da ƙatuwar jaka da madubin hangen nesa ba abin da za a yi wa lale ido rufe ba ne. Biyo ta hannun hakimi, ko ma'aikatan gandun dajin yankin, ko wani ɗan garin da zai ce ya san ka.

Na ga idonka ya yi haske: "Ashe kyauta ne!" Kai dai Bakano, Allah ya shirye ka. Ba a yanka maka farashi, gaskiya ne, amma wanda ya zo hannu na dukan cinya ya ci tuwon mutane ya shafa baki, da shi za a yi hira har baɗi. Riƙo goro, da sukari, da ganyen shayi, da sabulu. Yaron da ya ja ka da mai fito, biya su haƙƙinsu ba tare da ka mayar da bakin ruwa Kantin Kwari ba. Ranar tafiya ka dunƙula abin da ya sawwaƙa ka ce, "Ga wannan a saya wa yara alewa." Kowa ya san ba alewa za a saya ba.

Bayan isha'i akushi zai fito daga cikin gida. Tuwon shinkafar da aka noma a fadamar da ta cinye maka takalmi, miyar kuka, da bandar tarwaɗa da ta sha hayaƙi har ta yi baƙi tana ƙyalli. Kai da a gida kake tsince ƙaya kana ƙorafin gishiri, yau za ka suɗe kwano ka leƙa ƙarƙashinsa. Da safe ɗumame, in an yi sa'a da nono daga rugar Fulanin da ke gangarowa fadama da shanunsu in rani ya kama.

Hajiya na ji kina cewa, "Ni fa banɗaki ne damuwata." Tambaya mai hankali, ta fi duk nasa. Masai ne na gargajiya, zagaye da zana, buta a hannu, tocila a ɗayan. A kan Kilimanjaro ma ba na gidanki za ki tarar ba. Sai dai ke kin fi Alhaji sa'a: shi a zaure za a bar shi da iska, ke cikin gida za a shige da ke, ɗakin uwargida, kusa da murhu, a dama miki kunu, kafin gari ya waye kin san sirrin garin da shi ba zai taɓa ji ba.

Dare kuma. Ka ce sanyin tsauni ai shi ne jarrabawa, a nan me za a jarraba? Kwana a bakin ruwa cikin Disamba ko Janairu, hunturu na busowa ta ƙofar zauren da ba ta da ƙyaure, sannan mu yi magana. Ga kuma masu gari na asali. Sauron fadama in ya yi kuka a kunnenka ba gargaɗi yake maka ba, 'yan'uwansa yake kira. Sanyi na rage su, ba ya ƙarar da su, zazzaɓin da suke rabawa kuwa ba na wasa ba ne. Zo da gidan sauronka, ka soke bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe. Can cikin dare za ka ciro waya don ka ga ko wani ya tuna da kai a WhatsApp, ka tarar ba sabis. Ka fita tsakar fili ka ɗaga ta sama. In hazo ya yi sauƙi, a nan ne idonka zai faɗa kan Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda rabonka da su tun kana yaro a gidan kaka. Sabis ɗin dai ba za ka samu ba.

Ladan wahalar da asuba ake biya. Ana idar da salla ku nufi bakin tafki, ku tsuguna ku yi shiru. Kirinjijiya ce za ta fara, garke guda, da fito mai kaifi. Dinya ta taso da nauyinta. Zalɓe na tsaye cikin bado ya ƙura wa ruwa ido, ko gezau. Balbela ta yi fari fat a kan itace. Daga nan sai waɗanda ba ka san sunansu ba su tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukansu ta cika kunne. Ka ce, "Tsuntsu? Tsuntsu dai da muke harbi da danƙo?" Shi fa. An ƙirga fiye da iri 300 a wannan fadama ta Haɗeja zuwa Nguru. Da yawansu baƙi ne: ƙananan agwagi da masu dogayen ƙafafu da ke tasowa daga Turai da Rasha in sanyin can ya kama, su ƙetare Sahara, wannan ruwan na cikin na farko da suke tararwa. Wani za ka gan shi da zobe a ƙafa, da rubutu a jiki, wanda masu bincike suka saka masa a wata ƙasa. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona ta ƙasar Bade a Yobe, can ƙasan wannan fadamar. Ka ce me ya kawo shi? Kiwo ya biyo, agwaginsa ne suka yi nisa.

Kada dai ka yi wa mai masaukinka wa'azin son tsuntsaye. Yana da nasa lissafin. Jan-baki na kwana a cikin kacallar nan, ya taso dubbai ya sauka a gonar shinkafa, kafin a ce kwabo ya mayar da wahalar shekara ƙaiƙayi. Yara kan yini a gona suna kaɗa gwangwani da igiya, suna ihu har murya ta dushe. In ka ɗaga madubinka kana yaba yadda garken ke juyawa a sama, yi a zuci.

Ka ce aƙalla a nan ba a mutuwa, tunda ba inda za a faɗo? Kul. Ruwan nan mai kwanciyar hankali yana ɗauke da tsargiya, ƙwayar cutar na fitowa daga ƙananan dodon-koɗi ta shiga ta fata, don haka ajiye burin iyo. Kada ka shiga jirgin da aka yi wa lodin kasuwa, kada ka yi fito da dare. Haskaka ƙasa kafin ka taka, maciji ma ɗan gari ne. Kuma ba a wannan yawon a Agusta da Satumba. Wanda ya ga abin da ambaliya ta yi wa Jigawa a 2020 da 2022 ya san lokacin nan mutane ke neman inda za su sa haƙarƙarinsu, ba su da sararin karɓar ɗan yawon buɗe ido.

Takardun yabo kam fadamar ta tara su. A 2000 tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar kare fadamun duniya da aka ƙulla a Iran a 1971. A 2008 aka ƙara Baturiya da Dagona. A 2020 UNESCO ta sa yankin Haɗeja, Nguru da Bade cikin wuraren da take karramawa, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda goma, har da na fadamar Haɗeja. Madalla. Amma takarda ba ta shimfiɗa tabarma. Ni a ganina abin da wurin ke buƙata ba otal mai hawa biyar ba ne da za a buɗe da kakaki a rufe da yanar gizo-gizo. 'Yan ɗakuna ne na ƙasa a kan jigawa inda ruwa ba ya kaiwa, da raga a taga, da masai mai tsabta, da sola, da rigunan ruwa a cikin jirgi, mutanen garin su ne masu shi, 'ya'yansu su ne 'yan jagora. Abin da ƙauyawan Nefal suka gane ke nan: kuɗin baƙo ya kwana inda baƙon ya kwana. Ranar da tsuntsu ya fara kawo kuɗin cefane, ba sai an yi wa kowa lacca kan ajiye tarko ba.

Har yanzu kana kan bakanka, sai dutse? To akwai. Ga Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti na Taraba, mita 2,419, ba wanda ya kai shi a Nijeriya, kwanan daji dole, sanyi har ƙashi. Ga Bagazam a ƙasar Azbin ta Nijar, ya haura mita 2,000. In waɗannan sun yi maka nisa, ga duwatsun Birnin Kudu nan cikin Jigawa, da zanen shanun da mutanen dauri suka bari a jikinsu, ka hau ka sauko kafin la'asar. Na ga ka fara shafa gwiwa kana cewa likita ya hana. Likitan nan dai bai ce komai a kan kwalekwale ba.

Ka ce sai ka yi shawara? Yi, amma da hanzari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin. Watan Maris na kamawa baƙin tsuntsayen za su fara haɗa kaya, tafkuna su ja baya, zafi ya doshi digiri 40. In ka zo a lokacin, Bulama zai karɓe ka, ba zai fasa ba, sai dai abin kallo a garin ranar kai ne.